Ƴan Katsina da ke karatu a Alƙahira, ga yadda za ku ga garin

Ƙannena da ke Misira, dan Allah ku daina zaman nan na daga hostel sai aji sai gidan cin abincin ƴan Najeriya, mutum ya yi shekara shida a Alƙahira ya dawo Katsina in an tambaye shi me ya gani sai ya ce dala. Haba.

Fara da Ataba, metro na kai ka har wurin. Nan kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiya take, kar ka saya a shagon farko kuma kar ka nuna littafin ya shiga ranka, taya kamar kana kasuwar Charanci wajen rago. Kusa da ita akwai Masrahul Ƙaumi, gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, tafi da katin makarantarka ka tambayi tikitin ɗalibai. Abin da zai ba ka wuya Larabcin ne, yawancin wasannin da ammiyya ake yi, wato Larabcin titi na Misirawa, jimun ta koma ga, ƙaf ta koma hamza, kai da ka haddace Ajurumiya a zaure sai ka ga ana ta dariya kai ka yi tsuru. Ba komai wlh, nemi labarin wasan tukuna ko ka ja ɗan ajinku Bamisire, zuwa na uku kunne ya buɗe.

Wata ranar ka nufi Azhar da la'asar. Gefen masallacin akwai gidan tarihin Najib Mahfuz da aka buɗe a 2019, shi ne marubucin da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1988, kuma unguwar da ya yi ta rubutu a kanta, Gamaliya, ga ta nan tsallaken titi, ka taka da ƙafa ka sha shayi a Fishawi cikin Khan Khalili (akwai tsada, kofi ɗaya ya isa). Da dare ana juyin tannura, rawar juyi irin ta sufaye, a unguwar Guriya amma ba kullum ba, tambayi ranakun kuma ka je da wuri dan layi ne. In ka ci karo da aragoz, wasan ƴar tsanarsu, tsaya ka kalla, barkwancin sak na tashe.

Ƙarshen Janairu kuma baje kolin littattafai na Alƙahira, tun 1969 ake yin shi, ware kuɗinsa tun Disamba kuma ka tuna da kilon jirgi. Opera kam sai da kwat da nekitayi a babban zauren, ni ban matsa ba.

Kuma in kana yawo a lungunan nan ka san akwai Bakatsinen da ya riga ka, Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimi, a Alƙahira ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, baban marubucin tarihin nan Abdurrahman. Tambayi masu littattafan Azbakiya ko suna da wani abu nasa, ka ce musu ɗan garinku ne.