Ba Kowane Tuna Ne Yalofin Ba: Kurakuran da Ake Yi a Bakin Tekun Legas

Mutumin da ya taso a Yawuri ko Baga ba ya ruɗa tarwaɗa da ragon ruwa ko cikin duhu. Amma da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da suka shigo harkar kifin teku a Legas, masu bin jiragen kamun kifi da masu sari a Ijora da Afafa, duk kifin da suka gani mulmulalle mai duhun baya sai su ce tuna, shi ke nan. Alhali a ruwanmu na Mashigin Gini akwai iri-iri, namansu ba ɗaya ba, kuɗinsu ma ba ɗaya ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogara da launi. An ji cewa yalofin yana da fiffike ruwan ɗorawa, to duk wanda aka ga ɗorawa a jikinsa an ba shi sunan. Bigayi ma, wato mai babban ido, 'yan ƙananan fikafikan da ke jere kusa da wutsiyarsa ruwan ɗorawa ne. Kuma launi ba ya jimawa: da kifi ya mutu ya kwana a ƙanƙara, ya dushe. Dogayen fikafikan nan biyu masu lanƙwasa, na baya da na ciki, da ake gane yalofin da su, sai ya girma sosai suke fitowa. Ƙaramin yalofin ba shi da su, shi ya sa shi da ƙaramin bigayi suke rikita har tsofaffin masunta.

To yaya za ka yi, ɗan'uwa? Fara da wutsiya. Dubi tsakiyar bakinta, inda rassan biyu suka haɗu. A yalofin akwai tsaga bayyananna mai kusurwa, a bigayi wurin a shafe yake, ɗan lanƙwasa ne kawai. Sannan idan kifin ɗanye ne shar, dubi haƙarƙarinsa: yalofin yana da layuka masu yawa kusa da juna, wani a miƙe, na kusa da shi ɗigo-ɗigo, suna karkata wajen ciki. Na bigayi kaɗan ne, a warwatse. Girman ido kuwa kada ka tsaya a kansa shi kaɗai, don ƙaramin kifi kowane iri idonsa kan yi kamar ya yi wa kansa yawa.

Idan duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, sa wuƙa. Ni a ganina hanta ce alƙali a wannan shari'a, kuma abin takaici ne yadda ake farke ciki a watsar da ita ba a ko duba ba. Hantar bigayi tana da zane-zanen jijiyoyin jini a jikinta, ɓangarorinta uku sun kusa zuwa ɗaya. Ta yalofin sumul take, ɓangaren dama ya fi sauran tsawo da siranta. Jakar iskar bigayi ma babba ce, ta kusa cika cikin. Ta yalofin iyakarta wajen rabi. Wannan ya dace da rayuwar bigayi, don da rana can ƙasa yake nutsawa cikin ruwa mai sanyi, shi ya sa namansa ya fi maiƙo.

Masu ratsi kuma wani rikicin ne, amma nasu mai sauƙi ne idan ka tambayi kanka: ratsin a ina yake? Sikifjak, wanda shi ne aka fi cusawa a gwangwani a duniya, ratsinsa baƙaƙe suna kwance a ciki, daga gaba zuwa baya. Bonito nasa a gadon baya suke, a karkace, ga haƙora masu tsini. Akwai kuma wani iri da ake kira ƙaramin tuna, mai zane kamar sawun tsutsa a baya, da 'yan baƙaƙen ɗigo a ƙarƙashin fiffiken ƙirji. Wannan namansa baƙi-baƙi ne mai ƙarfin ƙarni, ya fi dacewa da banda. Wanda ya kai shi otel a Ikoyi da sunan yalofin, ranar ce ta ƙarshe da za a saya a hannunsa. Saboda zanen bayan nan wasu har titus suke ce masa, alhali titus daskararre ake shigo da shi daga ƙasashen waje.

Kada a ɗauka maganar ta ciniki ce kawai. Najeriya tana cikin ICCAT, hukumar da ke kula da tunan Tekun Atlantika, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a 1966. Da lissafin abin da aka kama ake yanke yawan da za a kama gaba, kuma bigayi yana cikin waɗanda aka sa wa iyaka. Duk ƙaramin bigayin da aka rubuta a matsayin yalofin, lissafin ya karkace ke nan. Wanda ya ci karo da kifin da ya gagare shi, ya ɗauki hoton gefensa da wutsiyarsa da hantarsa tun bai dushe ba, ya nuna wa masana a cibiyar binciken teku ta NIOMR da ke Biktoriya Ailan.