Kafin ku tura log ɗin manhaja zuwa MongoDB Atlas

'Yan uwa masu rubuta manhaja, in za ku ajiye log, wato rahoton abubuwan da manhaja ke yi, a MongoDB Atlas, rumbun adana bayanai na MongoDB da ke kan intanet, kada ku bari kowane saƙo ya tafi shi kaɗai. Ku tara su, ku aika da insertMany, umarnin da ke shigar da bayanai da yawa a lokaci guda, duk bayan 'yan daƙiƙu, ba tare da manhajar ta tsaya jira ba. In ba haka ba, ranar da intanet ta yi rauni, mai amfani da manhajar ne zai sha jiran abin da bai shafe shi ba.

Sai batun wuri. Tsarin kyauta na M0 megabait 512 ne kacal, log kuwa ba ya daina zuba. Ku sa TTL index, wanda ke ba bayanai wa'adi, a kan filin da ke ɗauke da lokacin kowane saƙo, ku ba expireAfterSeconds daƙiƙa 2592000, wato kwana 30, MongoDB zai riƙa share tsofaffin da kansa. Amma fa filin ya zama nau'in Date. In rubutu zalla kuka ajiye, ba zai goge komai ba, kuma ba zai sanar da ku ba.

Don Allah, kalmar sirri da lambar katin banki kada su shiga log. Ku kuma bar kwafi a fayil a kan sabar, saboda lokacin da haɗin da Atlas zai yanke.