In bayanan RDF ɗinka ba su da yawa, jefa su cikin Prolog

Jama'a masu harkar RDF, wato tsarin rubuta bayanai da alaƙarsu don kwamfuta, kar ku wahalar da kanku da kafa sabar SPARQL, yaren da ake tambayar bayanan RDF da shi, kan ɗan ƙaramin fayil. Sauke SWI-Prolog, manhajar yaren shirye-shiryen kwamfuta na Prolog, kyauta ce, ka loda fayil ɗin da umarnin rdf_load, shi ke nan.

Dalili kuwa, kowane bayani a RDF abu uku ne: abu, alaƙa, da abin da ya haɗu da shi, kamar Zinder, tana cikin, Nijar. Haka Prolog ma yake ajiye nasa, sai ka rubuta doka layi biyu ta bi maka zaren alaƙar har ƙarshe.

Amma fa in zaren ya zagayo kansa, Prolog zai yi ta juyi ba tsayawa, sai ka sa wa dokar umarnin table, mai sa shi tuna amsoshin da ya riga ya samu. Kuma duk abin da bai gani ba cewa zai yi ƙarya ne, alhali a RDF ba a rubuta ba ne kawai. Wikidata, katafaren rumbun bayanan nan na Wikimedia, gaba ɗaya kuma, kar ma ka fara, RAM ɗinka ba zai ɗauka ba.