In kun sauka a yankin Liyon, ku nemi Chasselay

'Yan uwa sababbin zuwa, kusan duk ƙauyen da kuka shiga a Faransa za ku tarar da wani dogon dutse kusa da ofishin magajin gari ko coci, an sassaƙa sunaye a jikinsa. 'Ya'yan garin ne da yaƙi ya ci. Kada ku hau kansa ku zauna kuna waya ko cin abinci. Ba lalle a yi muku magana ba, amma an gani.

Ranar 11 ga Nuwamba da 8 ga Mayu hutu ne, don tunawa da ƙarshen yaƙin 1918 da na 1945. Ofisoshi a rufe suke, motocin haya kuma sukan yi ƙaranci, sai ku gama hidimarku tun jajibere. A nan gindin dutsen ake taruwa, magajin gari ya ajiye furanni, a yi tsit na minti ɗaya. Ba sai an gayyace ku ba. Ku je, ku gaida mutane, domin a ƙaramin gari nan ne maƙwabta ke fara sanin fuskar baƙo. In an yi walima bayan taro za ku ga giya, ku nemi lemo, ba wanda zai ji haushi.

Chasselay kuwa, wani ƙauye arewa da birnin Liyon, namu ne ta wata fuska. A ranakun 19 da 20 ga Yunin 1940 sojojin Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin tutar Faransa suka tare wa Jamusawa hanyar Liyon. Da harsasai suka ƙare suka miƙa wuya, sai aka ware baƙaƙe daga farare, aka kora su cikin wani fili, tankokin yaƙi suka buɗe musu wuta, suka bi ta kan waɗanda suka faɗi. Mutanen gari ne suka tattara gawawwakin suka binne. A Nuwamban 1942, yaƙi bai ma ƙare ba, aka buɗe maƙabartar da ake kira Tata: jan katanga irin ginin Sahel, tsaye a tsakiyar gonaki, mai kaburburan sojojin Afirka ta Yamma 188. Sunan Senegal rundunar ke ɗauke da shi, amma Faransa ta ɗebi irin waɗannan sojoji daga duk ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Nijar. Kaburbura da yawa ba suna, an dai rubuta ba a san mai shi ba.

A ganina duk wanda ke da yara a makaranta ya kai su, su karanta allunan da kansu, a yi wa mamata addu'a cikin natsuwa. Ku ja musu kunne kuma: raha da sunan Hitila ko kwaikwayon gaisuwarsa ba wasa ba ne a nan, kuma tun 1990 doka ke hukunta wanda ya musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa.