Darasi na Tara: Gubar da Ba Ta Tsayawa Inda Aka Zuba Ta

Gurɓatar muhalli ita ce shigar ƙazanta ko guba cikin ruwa, ƙasa ko iska, har ta cutar da mai rai. Ta iska kowa ya san ta: hayaƙin motoci, na masu gasa bulo a bakin kogi, da na ƙona shara. Ba za mu daɗe a kanta ba. Wadda ta fi damunmu, mu mutanen Mai Wurno, Sinnar da ƙauyukan Jazira a ƙasar Sudan, ita ce ta ruwa.

Ku dubi abin da ake yi bayan feshi. Mutum ya gama feshin audugarsa ko tumatur, ya gaji liƙis, sai ya tsuguna a bakin tur'a, wato hanyar ban ruwa, ya ɗauraye famfon feshi ya tuttular a ciki. Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, jim kaɗan ya washe. A ganinsa shi ke nan. Ina! Ruwan nan tun daga madatsar Sinnar ya taso, wadda aka gama a 1925, kuma gaba zai yi, inda dabbobi ke sha, yara ke wanka.

Ƙwarin ruwa su sha gubar. Ƙaramin kifi ya ci ƙwarin, tarwaɗa ta haɗiye ƙaramin kifi, zalɓe ya cafke tarwaɗa. Wasu magungunan ba sa fita daga jiki, a kitse suke taruwa, don haka na ƙarshe a ci shi ya fi kwasa. Haka wani maganin ƙwari mai suna DDT ya yi wa tsuntsaye masu cin kifi a Amurka. Ɓawon ƙwansu ya yi siriri, uwa ta hau kwanci ya fashe a ƙarƙashinta. Amurkawa sun hana fesa shi a gona a 1972. Mu ma an yi shekaru ana fesa shi a gonakin audugar Jazira. Kuma ku tuna, ba zalɓe kaɗai ke cin tarwaɗa ba, har da masu karanta wannan darasi.

Sai zaiba, wato ƙarfen nan mai guba da ke gudana kamar ruwa. Samarinmu da ke zuwa haƙar zinare wajen Abu Hamad, a arewacin Sudan, sun san ta. Ana cuɗa ta da niƙaƙƙen dutse ta kama zinare, sannan a ƙona, tururinta ya bi iska, ragowar ta bi ƙasa da ruwa. A garin Minamata na Japan, wata masana'anta ce ta riƙa zuba dattin zaiba a teku. Kyanwoyi masu cin kifi suka kama tangaɗi kamar masu maye, tsuntsaye suna faɗowa daga sama. A 1956 aka tabbatar cutar ta kama mutane.

Leda kuwa, ku tambayi mahauci. Sau nawa yake farke tumbin akuya ya ciro dunƙulen leda baƙi ƙirin, mai tauri kamar igiya? Akuyar tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa a banza.

Ga yadda za a yi da jarkar maganin feshi idan ta ƙare. A ɗauraye ta sau uku, kowane karo a juye ruwan cikin famfo a fesa a gonar, ba a tur'a ba. Sannan a huda gindinta. Na san jarka mai kyau tana da wuyar yarwa, uwargida ma za ta ce a bar mata ta zuba mai, amma a huda.

Aikin gida: rubuta kalmomin nan sau biyar-biyar: guba, zaiba, zalɓe, tarwaɗa. Bayan haka ka je wurin wani dattijo masunci ka ce, "Baba, wane kifi ko tsuntsu kuke gani da, wanda yanzu ya yi wuya?" Rubuta amsarsa cikin jimla biyu, ka zo da ita aji ranar Asabar.