Kafin a ɗora wa oyil sil laifin yoyo

'Yan uwa makanikai, idan kun sa sabon oyil sil (zoben robar da ke tare mai) amma mai bai daina yoyo ba, ku duba shaf ɗin, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin sil. Wurin da leɓen sil ke kwanciya yana son santsi daidai misali, ma'aunin kaushi da ake kira Ra tsakanin maikiromita 0.2 zuwa 0.8 (maikiromita ɗaya shi ne ɗaya bisa dubu na milimita). Kaushi yana cinye leɓen. Santsi kamar madubi kuma yana hana mai zama, sai robar ta yi zafi ta ƙone.

Abin da ya fi damuna shi ne zanen da wasawa ke bari a jikin shaf wanda ya murɗe kamar zaren noti. Ido ba ya ganinsa, amma yana tura mai waje kamar famfo. Wajen wasawa, a shigar da dutsen kai tsaye, kada a ja shi gefe. Idan tsohon sil ya ci rami a jikin shaf, a sa siliba, wato siririn zoben ƙarfe da ake sa wa shaf don rufe ramin.