Yadda za ka shirya zuwa taron zumunci a Katsina daga Maraɗi

Da farko ka zauna da tsohuwar gidanku, kaka ko gwaggo, ta warware maka dangi: wane ne ɗan wa, ta ina kuka haɗu. Rubuta sunayen a takarda. Zuriyar Maraɗi da yawa tushensu Katsina ne, za ka tarar da 'yan uwan da ba ka taɓa gani ba, kuma abin kunya ne ka kira baffanka da sunansa.

Sannan takardu: katin ɗan ƙasa da katin rigakafin shawara, domin za a iya tambayarka a iyakar Ɗan Isa da Jibiya. Canza sefa zuwa naira tun a gida.

Tsaraba kuwa kada ka raina ta. Kilishi, cuku, atamfa ga dattijuwar gidan, alawa ga yara. Ƙulla ta kowane gida daban, ka sa suna.

Tashi da sassafe.

Idan ka isa, fara da mafi tsufa, ka cire takalmi ka durƙusa ka gaishe shi, ka faɗi sunan mahaifinka da na kakanka. Kafin a watse ka karɓi lambobin waya, ka kuma roƙi a kai ka makabarta ka yi wa magabata addu'a.